Kan Sandar Sunuka: Milimita Goma Sun Ishi Mai Koyo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin sunuka na ɗan lokaci ya san akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tsakanin matasa masu wannan wasa, wato gardamar kan sanda. Wani ya ce siririn kai shi ne na gwanaye, domin shi ke sa farin ƙwallo ya yi juyin katantanwa, ya bugi ɗan'uwansa ya dawo da baya kamar an ja shi da zare. Wani kuma ya ce mai faɗi ya fi, tun da ba ya zamewa. A sanadiyyar wannan gardama akan ga ɗalibi ya yi wata da watanni yana tara kuɗin kashewarsa, ya sayi sanda, bayan mako biyu ya sa reza da samfefa ya fere bakinta don ta yi kama da ta wani gwani da ya gani a talabijin. Sandar da aka fere kuwa ba ta komawa yadda take har abada.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, mai koyon sunuka a kan cikakken tebur ya zaɓi kan sanda mai faɗin milimita 9.5 zuwa 10, ya fi karkata ga 10, sa'an nan ya zauna a kansa na tsawon lokaci ba tare da canje-canje ba. Dalilan wannan ra'ayi suna cikin darussan fiziks da lissafi da ilmin halittu da ake koyarwa a makarantun sakandare, kuma kowane ɗalibi yana iya auna su da kansa.

Asalin Wasan da Fatar Kan Sanda

Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙago sunuka a garin Jabalpur na ƙasar Indiya a shekarar 1875, daga wasan biliyad da ya daɗe a Turai. Ana yin sa da ƙwallaye 22: jajaye 15, masu launi 6, da fari ɗaya, wanda shi kaɗai sanda ke taɓawa. Faɗin kowane ƙwallo milimita 52.5 ne, nauyinsa kuma wajen giram 140. Filin cikakken tebur ya kai mita 3.57 a tsawo da mita 1.78 a faɗi.

Ita fatar kan sanda ta girmi sunuka da shekaru da dama. A da, tsurar itace ake buga ƙwallo da shi, saboda haka dole a buga a tsakiya, in ba haka ba sandar ta zame. Wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud, wanda ya yi zaman kurkuku a birnin Faris, shi ake danganta wa dabarar manna 'yar fata mai doro a bakin sanda, wajen shekarar 1807. Da wannan 'yar fata aka sami damar buga ƙwallo a sama ko a ƙasa ko a gefe, a sa shi juyin da ake so. Abin ya ja hankalin masana har Gaspard Coriolis, wanda ɗaliban labarin ƙasa suka san sunansa a darasin iska da juyin duniya, ya wallafa littafi sukutum a kan lissafin biliyad a 1835. Allin da ake shafawa a kan fatar kuwa, irin na yanzu, William Spinks da William Hoskins ne suka yi masa rajista a Amurka a 1897. Ya bambanta da allin allo, domin garin yashi ne mai laushi haɗe da wani sinadari mai kaushi, aikinsa shi ne ya ƙara gogayya tsakanin fata da ƙwallo.

Dokokin sunuka sun ƙayyade cewa kada tsawon sanda ya gaza ƙafa uku, wato milimita 914, kuma kada siffarta ta saɓa wa wadda aka saba. An kafa wannan doka ne bayan da wani ɗan wasa, Alec Brown, ya zaro 'yar sanda mai girman alƙalami daga aljihunsa a Landan a 1938, ya shafa mata alli ya yi bugu da ita. Amma game da faɗin kan sanda, doka ba ta ce uffan ba. An bar wa kowa zaɓinsa, daga nan gardama ta samo asali.

Kowane Ƙwallo da Kan da Ya Dace da Shi

Kafin a shiga batun milimita, ya kamata a san irin ƙwallon da ake bugawa. Da yawa daga cikin teburan da ake kira na sunuka a unguwanni ƙananan tebura ne na wani wasa ɗan'uwansa da ake kira ful, kuma ƙwallayensa sun sha bamban. A ful irin na Amurka faɗin ƙwallo milimita 57 ne da 'yan kai, nauyinsa kan kusanci giram 170, kan sandarsa kuma milimita 12 zuwa 13. A ful irin na Ingila farin ƙwallo bai wuce milimita 48 ba, kan sandarsa 8 zuwa 9. Sunuka tana tsakiya, da kai mai milimita 9 zuwa 10 da ɗoriya. In aka raba faɗin kai da faɗin ƙwallo a dukkan wasannin uku, amsar tana kewaya kashi ɗaya cikin biyar. Masu sassaƙa sanduna sun isa ga wannan ma'auni ta hanyar gwaji da gyara na shekaru masu yawa.

Masana ilmin halittu sun saba da irin wannan dacewa. Peter Grant da matarsa Rosemary sun fara nazarin wasu ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba a tsibiran Galapagos a 1973. Da aka yi fari a 1977, ƙananan tsaba suka ƙare, sai manya masu tauri suka rage, tsuntsaye masu kaurin baki suka fi tsira. Bayan ruwan sama mai yawa na 1983, ƙananan tsaba suka yawaita, sai masu ƙaramin baki suka sami galaba. Tambayar wane baki ya fi kyau ba ta da amsa sai an san tsabar da za a fasa. Haka kan sanda yake. Wanda ya ɗauki siririyar sandar sunuka ya riƙa dukan manyan ƙwallayen ful da ƙarfi, fatarsa za ta baje da wuri, bakin sandar ma yana iya tsagewa. Wanda kuma ya kawo kai mai milimita 13 teburin sunuka, ya rufe wa idonsa kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙwallon da yake so ya buga. Saboda haka aikin farko shi ne a auna farin ƙwallon teburin da ake wasa a kai.

Me Ke Faruwa Lokacin Bugu?

Hotunan kyamara mai saurin ɗauka sun nuna cewa haɗuwar fata da ƙwallo ba ta wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na sakan. A cikin wannan ɗan lokaci fatar kan lotsa kaɗan, wurin da ta taɓa kuma 'yar da'ira ce mai faɗin milimita uku ko huɗu. Kowa yana iya ganin wannan a tabon allin da ke zama a jikin farin ƙwallo bayan bugu. Ke nan, ko faɗin kai 9 ne ko 10 ko 13, wani ɗan yanki ne kawai na fatar ke taɓa ƙwallo.

Abin da ke haifar da juyi shi ne nisan wurin taɓawa daga tsakiyar ƙwallo, tare da saurin sanda. In aka buga a tsakiya daidai, ƙwallo zai tashi yana sulɓi ba juyi, sai gogayyar ƙyallen tebur ta sa shi mirgina daga baya. In aka buga a sama da tsakiya da kashi biyu cikin biyar na rabin faɗinsa, wato milimita 10.5 a ƙwallon sunuka, zai tashi yana mirgina tun daga farko. In aka buga a ƙasa, zai tafi gaba yana juyi da baya, wanda shi ke sa ya dawo bayan ya bugi wani ƙwallon. Amma akwai iyaka. Gogayyar fata mai alli ba ta riƙe ƙwallo in wurin taɓawa ya wuce kimanin rabin tazarar da ke tsakanin tsakiya da gefe, wato wajen milimita 13. Bayan nan sai zamewa, da wannan ƙara mara daɗi da kowane ɗan wasa ya sani. Wannan iyaka ɗaya ce ga siririn kai da mai faɗi, domin gogayya ta danganta ne ga irin fata da irin alli.

Lissafin Doro

Fatar kan sanda tana da doro, doron kuma yanki ne na da'ira. Rabin faɗin wannan da'ira shi za a kira awon doro a nan. Ƙaramin awo yana nufin doro mai tsini, babban awo kuma doro shafaffe.

Tun da ƙwallo da doro duka masu lanƙwasa ne, wurin da suke haɗuwa ba ya kan layin tsakiyar sanda sai in an buga a tsakiyar ƙwallo. Ɗalibin da ya iya darasin alwatika masu kama da juna zai iya tabbatar da wannan ƙa'ida: a ɗauki nisan da aka kawar da sanda daga tsakiya, a ninka da rabin faɗin ƙwallo, a raba da jimlar rabin faɗin ƙwallo da awon doro, abin da ya fito shi ne nisan wurin taɓawa. Alal misali, rabin faɗin ƙwallon sunuka milimita 26.25 ne. In awon doro 9 ne, aka kawar da sanda da milimita 10, wurin taɓawa zai kasance milimita 7.4 daga tsakiya. In awon doro 6 ne, zai kasance 8.1. Mai karatu zai lura cewa faɗin kan sanda bai shigo cikin wannan lissafi ba ko kaɗan. Sanda biyu masu doro iri ɗaya, ɗaya mai kai 9 ɗaya mai 10, juyi ɗaya za su bayar in aka buga su wuri ɗaya da sauri ɗaya.

To, daga ina aka sami zancen cewa siririn kai ya fi juyi? Dalili biyu ne. Na farko, siririn kai yawanci doronsa ya fi tsini, saboda haka wurin taɓawa yakan ɗan ƙara nisa. Na biyu, mai siririn kai yana ganin fili a jikin ƙwallo, sai zuciyarsa ta ba shi ya ƙara sauka ƙasa ko ya ƙara matsawa gefe. Juyin da ya ƙaru na gaskiya ne, amma daga wurin bugu ya zo. Mai kai 10 da ya buga wannan wuri zai sami irinsa.

Inda faɗin kai ke da tasiri na haƙiƙa shi ne a bakin iyaka. Lissafin da ya gabata ya nuna cewa idan aka kai iyakar milimita 13 a jikin ƙwallo, wurin taɓawa a jikin fata yana nesa da tsakiyarta da rabin awon doro. In awon doro 9 ne, ana bukatar milimita 4.5 na fata daga tsakiya zuwa gefe. Kai mai faɗin 10 yana da 5, wato da sauran rarar rabin milimita. Mai faɗin 9 ya kai gaɓa daidai. Mai faɗin 8 kuwa fatarsa ta ƙare tun kafin a kai iyaka, sai kaifin gefe ko zoben tagulla ya sami ƙwallo. Wanda ya fere sandarsa don neman ƙarin juyi yana iya ƙarewa da ƙarin zamewa, sai fa in ya ƙara wa doron tsini. Doro mai tsini kuma yana da nasa haraji: in hannu ya kauce da milimita 2 ba da niyya ba, doro mai awo 9 zai mayar da kuskuren milimita 1.5, mai awo 6 kuwa 1.6. Bambancin ƙarami ne, amma a kowane bugu ake biyansa, kuma mai koyo shi ya fi kowa kaucewar hannu.

Hujjar Masu Siririn Kai

Adalci ne a faɗi cewa masu son siririn kai suna da hujjoji na gaskiya. Idan aka buga ƙwallo a gefe, ba ya bin layin sanda daidai, yakan ɗan bauɗe zuwa ɗaya gefen. Binciken masana irin su David Alciatore, tsohon malamin injiniya a Jami'ar Jihar Colorado ta Amurka, ya nuna cewa girman wannan bauɗewa ya danganta ne ga nauyin 'yan santimitocin ƙarshe na sanda. Siririn baki ya fi sauƙi, don haka ƙwallo ba ya bauɗewa sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a dogon tebur, inda kuskuren rabin digiri kan zama milimita 26 bayan tafiyar mita uku, wato rabin ƙwallo cif. Har ila yau, siririn kai ya fi sauƙin shiga inda farin ƙwallo ya maƙale a jikin bango ko a bayan wani ƙwallo, kuma ya fi barin ido ya ga wurin bugu.

Amma waɗannan fa'idoji na wanda hannunsa ya riga ya miƙe ne. Mai koyo bai kamata ya yawaita bugun gefe ba tukuna, saboda haka raguwar bauɗewa ba ta amfane shi da yawa ba. Bugu da ƙari, ana iya rage nauyin baki ba tare da an fere itace ba. A 'yan shekarun nan wasu ƙwararru sun maye gurbin zoben tagulla da na ƙarfen taitaniyam, wanda nauyinsa kusan rabin na tagulla ne. Sa'an nan akwai asarar da mai ferewa ba ya lissafawa. Taurin sanda wajen lanƙwasa yana tafiya ne da faɗinta ninki huɗu a kan kansa. In aka rage faɗi daga 10 zuwa 9, wato kashi goma cikin ɗari kacal, taurin wannan wuri zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fuskar fatar ma za ta ragu daga murabba'in milimita 78.5 zuwa 63.6, ga shi kuma ita ce wurin da gam ke riƙewa. Sakamakon shi ne sanda mai rawa a bugu mai ƙarfi, da fata mai saurin bajewa da ɓallewa. Bambancin milimita ɗaya a ido ba kome ba ne, amma a lissafi babba ne.

Hannu da Ƙwaƙwalwa

Babbar hujjar wannan maƙala tana jikin ɗan wasan ne. Jijiyoyin da suka fi sauri a jikin ɗan Adam suna kai saƙo da gudun mita 120 a sakan. Daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa kusan mita ɗaya ne, saboda haka saƙon taɓawa yana bukatar aƙalla kashi takwas cikin dubu na sakan kafin ya isa, mayar da martani kuma yakan ci kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Ƙwallo kuwa ya rabu da fata tun a kashi na biyu cikin dubu. Ma'ana, kafin ɗan wasa ya ji bugunsa, ƙwallo ya riga ya tafi. Babu wani gyara da zai iya yi a lokacin haɗuwa. Abin da 'yan wasa ke kira jin sanda yana zuwa ne bayan an gama, amfaninsa kuma shi ne gyaran bugu na gaba.

Wannan gyara aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da ke wajen ƙeya. Ita ke kwatanta abin da aka yi niyya da abin da ya auku, ta daidaita umarnin da ake aika wa tsoka a karo na gaba. A 1996 masu bincike a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun wallafa wani gwaji da ya fito da wannan fili. Sun sa wa mutane tabarau mai karkatar da gani zuwa gefe, suka ce su yi jifa su sami bara. Da farko jifan ya riƙa kaucewa, bayan an maimaita sai ya dawo daidai. Da aka cire tabaran, jifan ya koma kaucewa ta ɗaya gefen, sai da aka sake maimaitawa kafin ya gyaru. Masu ciwo a wasu sassan ƙaramar ƙwaƙwalwa kuwa sun kasa wannan sabo.

Kowace sanda tamkar irin wannan tabarau take. Tana da nata nauyin baki, da nata tauri, da tata bauɗewa, ƙwaƙwalwa kuma sai ta yi dubban bugu kafin ta haddace su. Duk ranar da aka canja faɗin kai, an canja tabarau ke nan, an koma neman sabo. Ɗalibin da ke canja kai kowane wata yana hana ƙwaƙwalwarsa kammala darasi ɗaya. Ga shi kuma hannun kowane mai lafiya yana da wata 'yar karkarwa ta halitta, wajen sau 8 zuwa 12 a sakan, wadda kan ƙaru da gajiya ko fargaba. Mai koyo yana bukatar kan da zai yi wa wannan karkarwa afuwa, mai milimita 10 kuwa ya fi mai 8.5 afuwa.

Tarihin Stephen Hendry na Sikotlan ya isa misali. Ya ci gasar duniya sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da wata sanda mai araha da aka saya masa tun yana yaro. A 2003 sandar ta karye cikin kaya a wata tafiya ta jirgin sama, kuma shi da kansa ya sha bayyana irin wahalar da ya sha wajen sabawa da wata. Kuɗin sayen sanda mafi tsada bai gagare shi ba. Abin da ya rasa shi ne sabon shekara ashirin da ke tsakanin hannunsa da wannan itace. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a wannan fage sabo jarin gwani ne.

Fata Aba ce Mai Rai a Da

Wanda ya zaɓi faɗin da ya dace bai gama aiki ba, domin halin fatar ya fi rabin milimita tasiri. Fata saƙa ce ta zaruruwan wani sinadarin gina jiki da ake kira kolajin. Jima, ko da bagaruwa irin ta majema ko da sinadaran masana'anta, tana ɗaure waɗannan zaruruwa don kada su ruɓe. Yawan bugu yana danne su, sai fatar ta yi tauri ta yi santsi, ta daina riƙe alli, gefenta kuma ya baje kamar lema. Kan da aka saya yana 10 yana iya zama 10.5 bayan 'yan makonni. Sai a datse abin da ya baje daidai da zobe, a gyara doro da samfefa mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, a ɗan farfaɗo da fuskar don ta karɓi alli. Domin auna doro, ɗalibi yana iya zana da'ira mai rabin faɗin milimita 9 a kwali da kamfas ɗin lissafi, ya yanke, ya riƙa ɗora kan sandarsa a cikin gurbin.

Fata iri biyu ce a kasuwa. Akwai mai falle ɗaya da aka danne, akwai kuma mai hawa-hawa da aka manna siraran falle da yawa, wadda ta fi riƙe siffarta, ta kuma fi tsada. Galibin masu hawa-hawa da fatar alade ake yin su, saboda haka wanda wannan ya dama sai ya tambaya kafin ya saya. Ga mai koyo, mai falle ɗaya matsakaiciyar tauri ta wadatar.

Yanayi ma yana da hannu. Fata da itace duka suna shan danshi suna kuma sakinsa. Da hunturu fata kan bushe ta ƙeƙashe, gam ya saki, zobe ya yi sako-sako saboda itace ya tsuke. Da damina kuwa fata kan yi laushi, alli ya dunƙule. Yawancin sandunan sunuka da itacen ash ake yin gabansu, gindin kuma da baƙin katakon eboni, wanda ɗan'uwan kanya ne. Sandar da aka jingine a bango ko aka bari a rana takan tanƙware, tanƙwararriyar sanda kuwa ba faɗin kan da zai cece ta.

Gwajin da Malami Zai Iya Shiryawa

Bai kamata mai karatu ya karɓi wannan ra'ayi don kawai ya gan shi a rubuce ba. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta tana iya gwada shi da kaya kaɗan. A sami sanduna biyu masu bambancin faɗin kai, a auna su da ma'aunin baniya na ɗakin gwaje-gwajen fiziks, a daidaita doronsu da kwali ɗaya. A goge farin ƙwallo, a ɗiga masa alama a tsakiya ta fuskar mai bugu. Kowane ɗalibi ya yi bugun ƙasa sau ashirin da kowace sanda a kan wani ƙwallo da ke nisan da aka tsayar. Bayan kowane bugu a auna abu biyu: nisan da farin ƙwallo ya dawo da baya, da nisan tabon alli daga alamar. A zana jadawali, nisan tabo a kwance, nisan dawowa a tsaye. In faɗin kai ne ke kawo juyi, ɗigogin sandunan biyu za su rabu gida biyu. In kuwa wurin bugu ne, za su cakuɗe a kan hanya ɗaya.

Gwaji na biyu na miƙewar hannu ne. A buga farin ƙwallo a tsakiya, ya tafi bangon ƙarshe ya dawo, sanda tana nan inda ta tsaya. In ya dawo ya taɓa kan sanda, hannu ya miƙe. A ƙirga sau nawa cikin ashirin. Wanda bai kai sha biyar ba, matsalarsa tana gwiwar hannu da tsayuwa, kuma awa ɗaya a kan wannan atisaye ta fi masa sabuwar sanda amfani. A nan ɗalibai za su koyi tsayar da sauran abubuwa a canja ɗaya, da maimaita awo, da yarda da sakamako ko da ya saɓa wa abin da suke so.

Kammalawa

Mai koyo ya auna ƙwallon teburinsa. In na sunuka ne mai milimita 52.5, ya nemi kai mai 9.5 zuwa 10, da doro mai awo wajen 9, da fata matsakaiciya, ya shafa alli kafin kowane bugu. In ƙwallayen ful ne, ya nemi kan da ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na faɗin farin ƙwallon. Ya yi aƙalla shekara guda bai taɓa faɗin ba. Bayan haka, in hannunsa ya miƙe, ya fara bugun gefe da sani, ya kuma iya faɗin takamaiman abin da siririn kai zai gyara masa, sai ya ari sandar wani ya gwada kafin ya taɓa tasa. In ya tabbata, ya kai wa mai gyara ya rage kwata ko rabin milimita, kada ya wuce haka a karo ɗaya, domin ana iya rage itace gobe, amma ba a iya mayar da wanda aka fere jiya.